Wai dole in ajiye karatu saboda ina da ciki?

'Yar uwa, ke da kika ce kina aji uku a jami'a, cikinki wata bakwai, kuma wani malami ya ce ki koma gida sai kin haihu, to gaskiya ba hurumin shi bane wannan. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana a nuna wa mutum bambanci don yana namiji ko mace, ciki kuwa ai mace ce kawai ke ɗauka.

Amma kar ki tsaya cacar baki da shi a ofis, ki karɓo takardar likita daga inda kike awo mai ɗauke da lokacin haihuwarki, ki rubuta wa shugaban sashe wasiƙa ki kai kwafi biyu, a buga hatimi a ɗaya ki adana a jakarki, domin maganar baki iska ce. In haihuwar za ta faɗo cikin jarrabawa sai ki nemi a ɗage miki zangon tun da wuri, kar ki bari a rubuta miki kin faɗi. In sun ƙi ji, akwai ofishin kula da ɗalibai, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Allah ya sauke ki lafiya.