Notin tayar babur mai ƙafa uku: kwancewa da ɗaurewa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana ɗaukar albasa a babur mai ƙafa uku a Marwa, notin tayar baya yana yawan kwancewa, ran nan kuma da ka taka sifana da ƙafa don ya ɗauru sai ƙusa ɗaya, wato ƙarfen da noti ke hawa, ta karye. Allah ya kiyaye gaba. Matsalar ba ƙarancin ƙarfi ba ce, mazaunin notin ne ya lalace, takawar kuma ta ƙara ɓata lamarin.

Kafin komai sauke kayan. Mai ƙafa uku ba mota ba ne, da ka ɗaga taya ɗaya sauran biyu ne suka rage a ƙasa, in akwai buhuna a bodi zai iya kifewa. Ja birkin hannu, sa giya ta ɗaya, ka tokare sauran tayoyin da dutse gaba da baya. Sassauta notin tun taya tana ƙasa, kwatar zagaye kawai, zuwa hagu. Sannan ka sa jak a ƙarƙashin ƙarfe mai ƙarfi kusa da tayar, kada a jikin bodi. Ƙasarmu yashi ce, musamman kusa da mayo, wato kogin da ke ƙafewa da rani, don haka sa katako mai faɗi a ƙarƙashin jak ɗin kada ya nutse.

Sifanar ta zama daidai da kan notin, galibi lamba 17 ko 19, kuma mai zobe ko soket. Mai buɗaɗɗen baki ita ke cinye kusurwar noti. In ya cije, zuba masa kananzir ko man kwance tsatsa, ka ba shi minti 15. A nan an yarda ka zura bututu a sifana don ƙarin tsawo, amma wajen kwancewa kaɗai.

Don Allah a kula da wannan: wasu masu ƙaramar taya ta inci 8 rim ɗinsu gida biyu ne, an haɗa da nasa notin daban. Kada a taɓa waɗannan sai an sace iskar taya gaba ɗaya, in ba haka ba rim ɗin zai tarwatse a fuskar mutum.

Da ka cire tayar, duba ramukan rim. In sun tashi daga zagaye sun koma kamar ƙwai, ko ka ga jan garin tsatsa a kewayen ramin, tayar ta daɗe tana wasa. Irin wannan rim ko wane ƙato ya ɗaure sai ya sake kwancewa, sauya shi ne magani. Goge bayan rim da fuskar da yake zama a kai da burushin waya, don busasshiyar laka ko yashi da ya maƙale a tsakani yana murƙushewa a tafiya, sai noti ya samu sarari. Ƙusar da ta karye kuwa, a sauya har 'yan uwanta na wannan tayar, domin su ma sun sha irin takawar sun miƙe.

Wajen mayarwa, fara kowane noti da hannu, zagaye 3 ko 4. In ya ƙi tafiya da yatsu, ya hau zare a karkace, kwance ka sake. Gefen da yake da tsini shi ke kallon rim, shi ne ke daidaita tayar a tsakiya. Kada a shafa giris ko baƙin mai a zaren, yana sa a wuce ƙima ba a sani ba. Ɗaure a gicciye: wannan, sai wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren, sannan sauran biyun. In ƙusa 5 ce, tsallake ɗaya kowane lokaci. Kama su sama-sama tukuna, sauke jak, sannan ka ƙarasa.

Ƙarfin da ake buƙata bai kai yadda ake zato ba. Ƙusa mai kaurin milimita 10 wajen Nm 50 take so (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), wato kamar nauyin kilo 17 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 30. Mai milimita 12 kuwa wajen 80 zuwa 100. Mutum mai kilo 70 in ya hau sifanar nan ya ba ta sama da 200, shi ya sa taka ta karye. Hannu ya isa. In littafin babur ɗin yana nan, bi adadin da ya faɗa.

Bayan tafiyar kilomita 50 sake bin su da sifana, musamman in ka bi hanya mai ramuka irin ta Mora zuwa Kuseri, sannan kowane mako kafin ka yi lodi.