Amsoshin Tambayoyinku: Wane Harsashi Ya Dace da Bindigogin Kaboyi?

Tambaya: Malam, shekarata tara ke nan a Teksas. Abokan aiki sun ja ni cikin wasan harbin kaboyi, inda ake sa tufafin mutanen da ana harbin farantan ƙarfe. Ina shirin sayen libarba samfurin Colt ta 1873 da doguwar bindiga samfurin Winchester ta 1873, duka sabuwar ƙira. Mai kanti ya ce in ɗauki masu cin .45 Colt duka biyun, wai shi ne harsashin kaboyi na asali. Ni kuwa abin da ya dace da tarihi nake so. Gaskiya ya faɗa mini?

Amsa: Ɗan'uwa, mai kantin nan ya ba ka rabin gaskiya, ya haɗiye rabi. Game da libarba bai yi ƙarya ba. Da .45 Colt aka haifi Colt Single Action Army, wato libarbar 1873 da kake so, kuma da shi rundunar sojan Amurka ta karɓe ta a 1873. Inda ya kauce shi ne wajen doguwar. Kamfanin Winchester bai taɓa ƙera samfurin 1873 mai cin .45 Colt a wancan zamanin ba. Leɓen gindin kwanson na lokacin ɗan siriri ne, ƙugiyar da ke fizgo kwanso daga cikin doguwar bindiga ba ta samun abin kamawa sosai. Libarba ba ruwanta da wannan, domin da ɗan sanda ake tunkuɗo kwanson daga gaba. Sai a ƙarshen ƙarni na 20 aka fara ganin dogayen bindigogi masu liba, wato hannun da ake ja a ɗana harsashi kamar na Winchester, suna cin .45 Colt.

Harsashin da aka yi wa Winchester 1873 shi ne .44-40. Sunan ma bayani ne: 44 faɗin dalma, 40 kuma awon albarushin da ke ciki, giren 40, wato kusan giram 2.6, a bayan dalma mai giren 200. Da bindigar ta karɓu, kafin 1880 kamfanin Colt ya fitar da libarbarsa mai cin wannan harsashin, ya sa mata suna Frontier Six Shooter. Ka ga dalili. Mutumin da ke kan doki, tafiyar kwanaki tsakaninsa da kanti mafi kusa, ɗamara ɗaya ta harsashi ta ishi bindigoginsa biyu, ba ya laluben aljihu cikin duhu yana tantance wanne ne na wacce. Ko sojoji sun sha wannan wahalar: da aka kawo musu libarbar Schofield ta Smith & Wesson a 1875, sai ga shi ba ta cin .45 Colt don ya yi mata tsawo, dole aka koma raba gajeren harsashi da zai shiga duka biyun.

Saboda haka in tarihi kake bi, hanya biyu ce. Ko ka ɗauki duka biyun a .44-40, ko libarba a .45 Colt, doguwa a .44-40. Ni ta farko zan zaɓa. Ta biyun tana da tarko: harsasan biyu sun yi kama a ido, kuma in .45 ya kuskure ya shiga Winchester, ta cije ke nan, sai an kwance.

Akwai wata fa'idar .44-40 da ba ka ganewa sai ka harba da baƙin albarushi. Kwansonsa yana da 'yar kafaɗa, bakinsa kuma siriri ne, don haka da an harba yake buɗewa ya toshe hanya, hayaƙi da toka ba sa komowa baya. Ka ɗauki kwanson .45 Colt bayan harbi, sau da yawa za ka ga gefensa ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, wannan dattin kuwa cikin injin bindigar yake taruwa. Na .44-40 yakan fito kusan fes.

Sai dai kada in ɓoye maka ciwon aljihu. Harsashin .44-40 ya fi tsada, ba kowane kanti ke ajiye shi ba, kuma a wasa ɗaya sai ka ƙone fiye da ɗari. Shi ya sa da yawa daga cikin 'yan wasan suke harba .38 Special, mai araha, marar naushi. Ƙungiyar SASS da ke tsara wasan, wadda aka kafa a 1987, ta yarda da shi, muddin dalma ce zalla kuma gudunta bai wuce ƙafa 1,000 a daƙiƙa a libarba ba, 1,400 a doguwa. Amma shi .38 Special sai 1898 ya fito, lokacin da zamanin koro garken shanu zuwa Kansas ya riga ya shuɗe. In kofin gasa kake nema, ɗauki .38. Tunda ka ce tarihi, to ka shirya biyan kuɗin tarihi.

Tambaya: Na sayi tsohuwar Colt a gwanjo, an ce ƙirar shekarun 1880 ce. An rubuta .45 a jikinta. Zan iya sa mata harsashin .45 Colt na kanti?

Amsa: Alhaji, don Allah a dakata. Girman ɗaya ne, amma abin da ke cikin kwanson ya canza. Bindigarka an ƙera ta ne don baƙin albarushi, irin dai wanda 'yan bindigar sarki ke durawa ranar hawan salla, mai tashi da farin hayaƙi da warin ƙibiritu har ka daina ganin na gabanka. Albarushi marar hayaƙi Faransa ce ta fara samar da shi a 1884, kuma yadda yake matsa wa ƙarfe daban ne. Kamfanin Colt da kansa bai ba da tabbacin cewa wannan libarba za ta jure shi ba sai a 1900. Ƙarfen da ya haura shekara 130 kuwa ba a gwada masa ƙwanji.

Ka fara kai ta wurin ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba ta. Kamfanin Colt kuma yana ba da takardar tarihin bindiga in ka aika da lambarta, a nan za ka san shekarar da ta bar masana'anta. In an ce lafiyarta ƙalau, to harsashin baƙin albarushi kawai, ana sayar da shi a shirye. A ranar da ka harba, a ranar za ka wanke ta da ruwan zafi da sabulu, ka busar, ka shafa mai, domin tokar tana jawo laima, tsatsa kuma ba ta jiran gobe. Ka guji duk kwalin da aka rubuta wa cewa na bindigogin Ruger ne kaɗai, wannan ko sabuwar kwafin Colt bai dace da ita ba.

In da ni ne, da na rataye ta a akwatin gilashi, na sayi kwafin da ake ƙerawa a Italiya na huce a kansa. In ta fashe, kuɗi da yatsu ne za su tafi tare.

Tambaya: Malam, ina son doguwar bindiga samfurin Henry ta 1860. Ina ake samun harsashinta na asali? Kuma me ya sa duk harsasan irin waɗannan bindigogi bakinsu a daƙushe yake?

Amsa: Na asalin, .44 Henry, wanda ake bugun gefen gindinsa ya tashi, an daina yin sa tuntuni. Wanda ya rage yana hannun masu tara kayan tarihi, ba kuma na harbi ba ne. Sabbin Henry da Winchester 1866 mai jikin tagulla duk an sauya musu harsashi, galibi .44-40 ko .45 Colt, don haka a nan kowa ya yi sulhu da tarihi.

Batun daƙusasshen baki kuma ba ado ba ne. A cikin bututun da ke ƙarƙashin bindigar, harsasai a jere suke, bakin na baya yana tokare da tsakiyar gindin na gaba, daidai inda ake bugawa wuta ta kama. In bakin mai tsini ne, girgizar harbi kaɗai tana iya tayar da na gaba a cikin bututun, ga hannunka na hagu riƙe da wurin. Duk kwalin da za ka saya, ka buɗe a gaban mai kanti, ka ga bakin dalmar a shafe yake kafin ka biya.