Gida a Facebook, fili a WhatsApp: amsoshin wannan mako

Tambaya daga wata Hajiya a Garwa: Maigidana ya rasu ya bar gida a Jambutu, magada sun yarda a sayar. Wata bakwai ke nan yana hannun dillalai, shiru kake ji. Ɗana ya ce a sa shi a Facebook, ni kuwa ina jin nauyin a yi ta yawo da gidan marigayi a waya. Akwai amfani?

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya sa ya huta. Amfani kam akwai. Dillali bai san kowa ba sai masu zama a rumfarsa da abokan cinikinsa na yau da kullum. Mai kuɗin sayen gidan nan kuwa wataƙila ɗan Garwa ne da aiki ya kai Duwala ko Yawunde, ko ɗan kasuwa a Njamena da ke neman inda zai ajiye iyali. Irin waɗannan ba sa zuwa rumfar dillali, amma waya ba ta barin hannunsu.

Ki sa yaron ya ɗauki bidiyo da safe, kafin rana ta yi tsaka ta wanke hoton. Ya faro daga bakin hanya, don a ga ko mota na iya shiga. Ya buɗe famfo a ga ruwa na zuba, ya nuna mitar wuta, ya ɗaga wayar sama a ga rufin ɗaki. Idan damina ta bar tabo a silin, kada ya kauce masa. Wanda ya biya kuɗin mota ya zo ya tarar da abin da aka ɓoye, ba ya dawowa, kuma sai ya faɗa wa goma. A rubuta unguwa, faɗin fili da mita, yawan ɗakuna, irin takardar da ke akwai, da farashi. Na gaji da ganin tallar da ke cewa "a kira don jin kuɗi". Masu son jin gulma kaɗai take tarawa.

A fara da WhatsApp, inda 'yan'uwa da abokan arziki za su tura wa nasu. Abin da aka ɗora a "status" na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, don haka sai an riƙa sabuntawa. Daga nan a kai rukunonin saye da sayarwa na Garwa a Facebook. Tallar da ake biya ku bar ta tukuna.

Batun jin nauyi: ba dole a ambaci sunan marigayi ba, kuma lambar ɗanki za a sa, ba taki ba. Kada a ɗora hoton takardun gida, 'yan damfara na kwafar irinsu. Ku tabbatar hukuncin kotu na gado yana hannu kafin mai saye ya bayyana. Dillalan kuma kada a sallame su da faɗa. A gaya musu a fili cewa la'ada ta wanda ya kawo mai saye ce.

Tambaya daga wani matashi mai aiki a Yawunde: Na ga fili a Marwa a Facebook, da araha ƙwarai. Mai shi ya ce mutane na rububi, in tura sefa dubu 300 ta Orange Money ya riƙe mini. In tura?

Ƙanena, kada ka tura ko dala. Hoton fili kowa na iya ɗauka, har na maƙwabcinsa, kuma "ana rububi" tsohuwar waƙar masu son ka biya kafin ka yi tunani ce.

Ka tura wani babba daga gida ya je ya taka filin da ƙafarsa, ya ga duwatsun iyaka, ya gaisa da maƙwabta da jauron unguwa, ya tambaye su filin wane ne. Ya kuma tambaya ina ruwa ke bi a watan Agusta. A Marwa, wurin da ka gani busasshe da rani yana iya zama hanyar mayo, wato rafi, da damina, sau da yawa kuma dalilin arahar ke nan.

Sai takarda. Ka nemi lambar titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta hukuma, a kai ta ofishin rajistar filaye na ma'aikatar filaye ta Kamaru (MINDCAF) a duba sunan wa ke kai, da ko an jinginar da filin. Takardar lawan ko jauro shaida ce ta mutanen gari, amma ba ita ce ta mallaka a idon hukuma ba. Kuma tun dokar filaye ta 1974, cinikin fili mai titir sai a gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da yarjejeniya, ake rubuta shi, in ba haka ba doka ba ta san da shi ba. Ka ce wa mutumin a can za ku haɗu, kuɗi a hannu, ka ji abin da zai ce.