Nauyin harsashi a gasar harbi: wanne za a ɗauka?

Wani jami'in tsaro da ke zaune a Yelwa, cikin garin Bauchi, shi ya fara rubuto mana a wannan makon. Ya ce: "Malam, barka da ƙoƙari. An sa ni cikin masu wakiltar rundunarmu a gasar harbi da ƙaramar bindiga mai cin harsashi 9mm. A ma'ajiyarmu na ga kwalaye iri uku, an rubuta 115 da 124 da 147. Wani na gaba da ni ya ce mai nauyi ya fi, wani kuma ya ce mara nauyi ya fi tafiya sak. Wanne zan roƙa a ba ni?"

Yallaɓai, Allah ya ba da sa'a. Waɗannan lambobi nauyin kan harsashin ne kaɗai, wato abin da ke fita ya tafi, ban da kwanso da albarushi. Ana auna shi da wani tsohon ma'aunin Ingila mai suna giren, wanda guda 7,000 ke yin laba ɗaya. In ka mayar giram, 115 ya kai kusan 7.5, 124 kusan 8, shi kuwa 147 kusan 9.5. Giram biyu ne kacal tsakanin ƙaramin da babban, amma tafin hannunka zai gaya maka bambancin tun daga harbin farko.

Mai 115 ya fi gudu. Ƙararsa tana da kaifi, kuma shurinsa kamar mari yake, bakin bindiga ya zabura sama nan take. Mai 147 a hankali yake tafiya, yawanci ma ƙasa da gudun sauti, shi ya sa shurinsa ya fi kama da turi, saiti ya ɗaga ya dawo ba tare da ya ɓace maka ba. Mai 124 yana tsakiya.

Akwai dalilin da ya sa 'yan gasa da yawa ke karkata ga mai nauyi, kuma lissafi ne. A gasar da ƙungiyar harbi ta ƙasa da ƙasa mai suna IPSC ke tsarawa, wadda aka kafa a Amurka a 1976, akwai ma'aunin ƙarfi da dole harsashinka ya cika. Ana ninka nauyin kai da gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1,000, kuma mafi ƙarancin abin da ake karɓa shi ne 125. To mai 115 sai ya yi gudun ƙafa 1,087 kafin ya cika wannan sharaɗi, mai 124 yana buƙatar 1,009, mai 147 kuwa 851 ta ishe shi. Ƙarancin gudu na nufin ƙarancin albarushi, ƙarancin albarushi kuma na rage hucin da ke fita ta baki. Ga asalin taushin da mutane ke yabo.

Sai dai kada ka ɗauka magana ta ƙare a nan. Wasu maharban ba sa son mai 147 sam, domin suna jin saman bindigar yana komawa da nawa, alhali su sun saba da saurin dawowa. Sannan ga abin da ya fi ba sabon shiga mamaki: a ƙaramar bindiga, harsashi mai nauyi yakan sauka sama da inda mara nauyi ke sauka a nisan mita 25. Mutum zai zaci nauyi ƙasa zai ja shi. Abin da ke faruwa shi ne ya fi daɗewa a cikin bututu, kafin ya fita bakin bindiga ya riga ya fara ɗagawa. Na taɓa ganin wani matashi da ya yi wata guda yana atisaye da 115, ranar gwaji aka miƙa masa wani kwali daban, ya yi ta huda takarda sama da baƙin tsakiya. Ramukansa a haɗe suke gwanin kyau, tafin hannu zai rufe su, amma duk a wajen maki goma. Har ya fara zargin idonsa. Abin ya tsaya mini a rai, domin da an ba shi harsashi biyar na gwaji da ya gyara saitinsa.

Don haka ga shawarata. Ka nemi izinin mai kula da filin harbi, ka ɗauki goma-goma daga kowane kwali. Ka zauna, ka ɗora hannuwanka a kan buhun yashi, kowane iri da takardarsa, nisa ɗaya, rana ɗaya, da safe kafin iskar hunturu ta taso da ƙura. Wanda ramukansa suka fi matsuwa, kuma bai maƙale ko sau ɗaya ba, shi ne naka. In sun yi kunnen doki, ɗauki 124, musamman in shi ne ya fi yawa a ma'ajiya, domin harsashin da ba za ka samu a ranar gasa ba bai da amfanin sabo. Kuma in ka zaɓa, ka tsaya a kansa har a gama.

Wasiƙa ta biyu daga wata uwa ce a Fadaman Mada: "Malam, ɗana mai shekara 19 ya ga baturken nan da ya yi harbi hannu a aljihu a wasannin Olamfik, tun daga lokacin ya hana ni sakat. Wai in saya masa fistol ya fara koyo. Ina ake sayarwa, kuma wane harsashi ya dace da mai koyo?"

Hajiya, a gafarce ni, amma kada a saya. A ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki a Najeriya, fistol da libarba suna cikin makaman da aka haramta, lasisinsu a hannun shugaban ƙasa yake. Duk wanda ya ce zai kawo miki ɗaya ta bayan fage, gidan yari yake nema wa yaronki.

Abin farin ciki shi ne wanda ya burge shi ɗin, Yusuf Dikeç, da ya ci azurfa a Faris a 2024, ba da bindigar albarushi ya yi harbin ba. Bindigar iska ce, a nisan mita 10, wasan da ya shiga Olamfik tun 1988. Ita ma dokarmu ba ta sake ta haka nan ba, tana cikin rukunin da lasisinsa ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Hanyar da ta dace ita ce ku fara zuwa hukumar wasanni ta jiha ku tambayi inda ake horo a ƙarƙashin mai koyarwa da aka sani, a yi maganar takardu kafin a yi maganar kuɗi.

In Allah ya sa ya samu shiga, abin da zai riƙa saya 'yan ƙwayoyin dalma ne masu kaurin milimita 4.5, masu shafaffen kai don su yanke takarda da'ira tsaf. Su ma nauyinsu ya bambanta. Waɗanda aka yi don ƙaramar bindigar iska sukan kama daga giram 0.45 zuwa wajen 0.50, na doguwar kuwa wajen 0.53. A jikin gwangwani za a ga wata lamba kamar 4.49 ko 4.50, kaurin kan ke nan. Da'irar maki goma faɗinta milimita 11.5 ne, bai kai farcen babban yatsa ba, shi ya sa manyan 'yan wasa ke gwada zubi daban-daban kafin su saya da yawa. Mai koyo dai ba ya buƙatar wannan tukuna. Gwangwani mai matsakaicin farashi daga sanannen kamfani irin RWS ko H&N ya ishe shi shekarar farko, rawar hannunsa ta fi bambancin dalma girma nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya nake roƙo ki duba da idonki. A buɗe gwangwanin a gaban mai sayarwa, a zuba kaɗan a kan farin ƙyalle. Gindin kowace ƙwaya kamar bakin ƙaramar mazurari yake, siriri, kuma dalma taushi gare ta. Ni kaina an taɓa sayar mini da gwangwanin da ya sha jijjiga a hanya, kusan kowace ta biyar bakinta a lanƙwashe, wasu sun yi fari-fari don daɗewa. Irin waɗannan ba sa tafiya daidai ko a hannun gwani. Sannan dalma guba ce: ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a kwanon tuwo, kada ya riƙa saka ƙwaya a baki yana jiran harbi na gaba, kuma a ajiye gwangwanin inda ƙannensa ba za su kai ba.

Na ukun gajere ne, daga wani da ya yi ritaya a Azare, yana tambayar me ya sa masu harbin mita 25 a wasannin Olamfik ba sa wannan muhawara ta nauyin harsashi. Baba, su bindigarsu mai ƙaramin harsashin nan ce da ake kira .22, kuma kusan duk harsashin gasa na wannan aji giren 40 ne, na dalma, mai matsakaicin gudu. Abin da suke zaɓa shi ne kamfani da lambar zubi, kuma su ma a kan buhun yashi suke raba gardama.