Ga ƙanwar da ta ce ba ta ga amfaninta a duniya ba

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun jiya da daddare na karanta tambayarki, da ita na kwana. Kin ce kin gama digiri, kin yi hidimar ƙasa, yau shekara uku kina gida babu aiki, daga ɗaki sai tsakar gida, har kin fara tambayar kanki wai mene ne amfaninki a duniya. Kin nemi waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali su faɗa miki yadda suka fita. Na ga 'yan'uwa sun kawo miki ayoyi da hadisai, sun ce ki yi haƙuri ki dage da addu'a. Gaskiya suka faɗa, ba sai na maimaita ba. Ni labarina zan ba ki, ki tsinci abin da zai yi miki amfani ki bar sauran.

A 2010 ina da shekara 27, da takardar NCE a cikin akwati, da 'ya ɗaya a baya, aurena ya mutu na dawo gidanmu a cikin birnin Kano. Duk wadda ta yi zawarci a gidan iyaye ta san wannan zama. Ba wanda ya kore ki, amma ko cokali ya faɗi sai ki ji kamar da ke ake. Ina idar da sallar asuba sai in koma in kwanta, don in na tashi ma ban san abin da zan yi da ranar ba.

Wata maƙwabciyarmu ce ta rubuta sunana a cikin masu bi gida-gida suna ɗiga wa yara maganin riga-kafin shan inna. Kada in yi miki ƙarya, ba tausayin yaran kowa ne ya kai ni ba. Ɗan alawus ɗin da ake bayarwa na hango, in samu na sabulu da na omo in daina miƙa wa Baba hannu.

Aikin a baki ba shi da wuya. Mu uku ne: mai ɗiga magani, mai rubutu, da wadda ta san unguwa. Mu ɗauko kula mai ƙanƙara tun da sassafe, duk yaron da bai kai shekara biyar ba a ɗiga masa ɗigo biyu a baki, a shafa masa tawada a ƙaramin yatsan hannun hagu, a yi alama da alli a jikin ƙofa, a wuce gaba. Amma a ƙafa, hmm. An yi mana wanka da ruwan wanke-wanke. An sakar mana kare. An kira mu 'yan kwangilar Yahudawa masu kashe mahaifa. Wani gidan muna sallama za ki ji ana tura yara ƙarƙashin gado, uwar ta fito ta rantse miki babu yaro a gidan, alhali ga takalmansu nan birjik a bakin ƙofa.

Da farko haushi nake ji. Daga baya na gane tsoron mutanen yana da tushe. Ba su manta da 1996 ba, shekarar sanƙarau, da wani kamfanin magani na Amurka ya yi gwaji a kan yara a nan Kano. Ba su manta da 2003 ba, da gwamnatin jiha da kanta ta dakatar da riga-kafin, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004 da aka kawo na ƙasar Indunusiya. Ga kuma tambayar da kusan kowane maigida ke jefo mana: zazzaɓin cizon sauro na kashe mana yara, in mun je asibiti ko farasitamol sai mun saya, to me ya sa wannan shi kaɗai ake biyo mu da shi har gida kyauta? Har yau ban ga laifin wannan tambaya ba. Shekarun da aka yi ana wannan ja-in-ja kuwa yara ne suka biya, don a 2006 sama da yara 1,100 cutar ta shanye a Najeriya.

Yanzu ga inda nake son ki saurara. Akwai wani gida a wani lungu, maigidan mai faskare ne, ya rantse ba a ɗiga wa 'ya'yansa komai. Zagaye uku muna zuwa yana korar mu. An kai maganar wajen mai unguwa, ya ce ko hakimi za a kira bai yarda ba. A zuwa na huɗu ba ya nan, matar ta ce mu shigo mu sha ruwa amma kada mu buɗe kula. Muna zaune sai ga wata yarinya 'yar shekara bakwai ta fito daga ɗaki da rarrafe, ƙafarta ta dama siririya kamar sillen kara tana jan ta a ƙasa, gwiwoyinta duk kanta. Ta gaishe mu da murmushi. Uwar ta ce ai Inna ce ta shanye ta tun tana shekara biyu, zazzaɓi ta kwana da shi, da safe ƙafa ta ƙi takawa. An yi turare, an yi rubutu, an je ƙauye. Na tambaya ko tana zuwa makaranta. Uwar ta yi 'yar dariya ta ce, wa zai goya ta?

Daren nan ban yi barci ba. Ba wani tunani mai zurfi na yi ba, gwiwoyin nan ne kawai suka ƙi barin idona. Da aka gama zagaye, ranar da babu kula babu alawus, na ɗauki allo da alli na koma gidan. Na ce wa maigidan ba da magani na zo ba, ni malama ce, ina son in riƙa koya wa yarinyar karatu da yamma. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in dai ba ɗigo, bismilla.

Ƙanwata, abin da ya canja a rayuwata ƙarami ne ƙwarai. Kullum bayan la'asar akwai mai jirana. Shi ke nan. In na makara zan same ta ta rarrafo har zaure tana leƙen hanya. Ranar da na yi zazzaɓi ban je ba, ta aiko ƙaninta ya duba ni. Ni da nake kwana in tashi ba wanda ya lura ko na fito ko ban fito ba, sai ga shi rashina yana damun wani. A cikin wata huɗu ta fara haɗa baƙi. Muka yi karo-karo da abokan aikina da wani ɗan'uwana, muka saya mata keken guragu mai tuƙin hannu, irin wanda su kansu masu lalurar suke ƙerawa a nan Kano. Aka sa ta a firamare da islamiyya. (Tun daga lokacin na daina jin daɗin karin maganar nan ta gurguwa da auren nesa. In an yi ta a gabana sai in ji wani iri.)

Ban taɓa yi wa uban maganar riga-kafi ba. Shi ne wata rana, kusan shekara guda bayan haka, ya tare ni a zaure ya ce, Malama, tsakaninki da Allah, kin ɗiga wa taki 'yar? Na ce kowane zagaye, da hannuna. Ya yi shiru. Da zagaye ya zo, shi ya fito mana da ƙananan guda biyu da kansa.

Kada ki ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Akwai lokutan da aka riƙe mana haƙƙinmu wata da watanni, ki yi ta sintiri ana ce miki gobe. Akwai abokan aikin da ke zubar da maganin a kwata su cike takarda, in kin yi magana ki zama abar ƙi. Sannan ga ranar Juma'a 8 ga Fabrairun 2013, da 'yan bindiga suka harbe masu aikin riga-kafi tara a Unguwa Uku da Hotoro. Mata ne irina, da hijabi da kula. Baba ya ce na bar aikin ke nan. Na yi wata biyu a gida, tsoro ya cika ni, kuma ban ga laifin duk wadda ba ta koma ba. Ni dai na koma, bayan na sha roƙon Baba. In kin tambaye ni dalili ba zan ce jarumta ba ce. Na riga na ɗanɗani zaman da ba a jiran ka a ko'ina, na san ɗacinsa, ban so in koma masa.

Wani abu kuma da ya daɗe yana damuna a wannan aiki: ba ki ganin sakamakonsa. An koya mana cewa a cikin yara kusan 200 da ƙwayar cutar ta shiga jikinsu, ɗaya ne take shanyewa. To a cikin dubban bakunan da na ɗiga wa magani, wanne ne na tsare? Allah kaɗai ya sani. Yaron da aka tsare ba shi da alama, yana can yana buga ƙwallo a layi, shi bai sani ba, uwarsa ba ta sani ba, ba mai zuwa ya ce miki an gode. Lissafin yaran da cutar ta shanye a Najeriya ne kawai ke nunawa: yara 122 a 2012, 53 a 2013, 6 a 2014, na ƙarshe a jiharmu a Sumaila. Cutar ta sake ɓulla a Borno a 2016, sannan a 25 ga Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. A rediyo na ji, ina tankaɗe. Na ajiye rariya na yi kuka, 'yata tana tambayata wa ya mutu. Har yanzu dai ana zagayen, domin akwai wani nau'in da ke ɓulla a inda aka bar yara da yawa ba riga-kafi.

Don haka ni ba zan ce miki ki zauna ki binciki zuciyarki har ki gano abin da aka halicce ki dominsa ba. Na gwada wannan a kan katifa shekara guda, ciwon kai kawai na samu. Ki leƙa layinku. Akwai yarinyar da za ta zana jarrabawar WAEC ba ta iya lissafi ba, akwai tsohuwar da ba ta iya karanta takardar maganinta, akwai asibitin sha-ka-tafi da ranar awo ma'aikaciya ɗaya ke fama da mata cike da benci. Ki zaɓi guda ɗaya, ki sa masa rana da lokaci, ki riƙe. Riƙewar ita ce aikin. Kuma ki ci gaba da neman aikin albashi, don taimakon mutane ba ya sayen shinkafa, kada wani ya yaudare ki. In kuwa abin ya kai ba kya barci, ba kya cin abinci, ko kina jin gara mutuwa, wannan ciwo ne, ki faɗa wa na gida ku ga likita, ba a jira da shi.

Yarinyar nan yanzu ta girma. Ta gama sakandare, ta koyi ɗinki, tana da keken ɗinki na hannu a zauren gidansu, har da yara biyu masu koyo a wajenta. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare. Sallar da ta wuce ita ta ɗinka mana kaya ni da 'yata. Na je karɓa ina ta washe baki, a zatona za a yi wa Malama ragi. Ta buɗe littafinta, ta karanto min lissafi tiryan-tiryan da rubutun da ni na koya mata, har da kuɗin zare. Ko naira ba ta rage min ba.