Sailor Moon: littafin ko anime, da wanne za ki fara?

'Yar'uwa, kin ce kin ga ana ta ja-in-ja a kan Sailor Moon, wasu na cewa manga ɗin, wato littafin labari mai zane na Japan, ne na ainihi, wasu na cewa anime ɗin 1992, wato katun ɗin talabijin da aka yi da shi, ya fi shi, kuma ba ki san ta ina za ki kama ba. Ni na kalli tsohon anime ɗin kaf, na karanta littafin sau biyu, na kuma kalli sabon da aka sake yi. Sai dai ki yi haƙuri, dole in tona miki wasu abubuwa na zangon farko, in ba haka ba maganar ba za ta fito ba.

Ki fara sanin abin da ya raba su tun asali. Naoko Takeuchi ta fara fitar da labarin a mujallar 'yan mata ta Nakayoshi a ƙarshen 1991, ita kuwa mujallar wata-wata take fitowa. Kamfanin Toei ya fara nuna anime ɗin a talabijin a watan Maris 1992, kowane mako. Ke ki auna: marubuciya na ba da babi ɗaya a wata, masu talabijin na buƙatar kashi huɗu. Dole su yi ciko. Shi ya sa littafin ya tsaya a juzu'i 18, shi kuwa anime ɗin ya kai kashi 200 kafin a rufe shi a 1997. Duk gardamar da kike gani a kan wannan cikon take.

Masu son littafin suna cewa cikon ɓata lokaci ne: kowane mako a fito da dodo, Usagi, jarumar labarin da ke rikiɗa ta zama Sailor Moon, ta yi kuka, Tuxedo Mask, saurayin da ke kawo mata ɗauki, ya jefo furen wardi, a gama da dodon, a watse. Ba ƙarya suka yi ba. Akwai kashin da in kin tsallake, ba abin da kika rasa. Ni ma da na zo farkon zango na biyu, inda aka ƙirƙiro labarin wasu baƙi biyu da bishiyarsu wanda babu shi sam a littafin, sai da na ajiye wayar na kwana biyu.

Amma ga abin da ya juya ra'ayina. Da anime na fara, ina saukewa cikin dare lokacin da data ke araha. Cikin ƙawayen Usagi huɗu da ke yaƙi tare da ita, na saba da Ami tun kashi na 8, Rei a na 10, sai da na jira har kashi na 25 kafin Makoto ta bayyana, Minako kuwa sai a na 33. A tsakanin nan na ga yaran nan suna faɗa a kan abin banza, suna faɗuwa jarrabawa, suna taruwa a wurin ibadar kakan Rei su yi ta surutu. To da aka zo kashi na 45, suka tafi can ƙarshen duniya cikin ƙanƙara suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya don Usagi ta wuce, wallahi sai da na share hawaye, ni da girmana. Ba don faɗan ya yi kyau ba. Don na san su ne.

Da na koma littafin sai na ga gudu yake kamar an biyo shi. Rei ta shigo a babi na 3, a nan take ta ƙone Jadeite, ɗaya daga cikin miyagun labarin. Makoto ta shigo a babi na 5, ta gama da wani mugun, Nephrite. Shi ke nan. Alhali a anime Nephrite ɗin nan shi ne wanda Naru, ƙawar Usagi, ta kamu da sonsa, ya riƙa yaudararta, daga baya ya mutu a hannunta a kashi na 24 bayan sun yi alkawarin zuwa shan kayan zaƙi tare. Wannan duk aikin masu anime ne. In kin ji wani ya ce ciko ba shi da amfani, ki tambaye shi wannan kashin.

Kada ki ɗauka ina kushe littafin. Abin da yake da shi, anime ba shi da shi. Zanen Takeuchi siriri ne mai laushi, gashi da riguna na malala a shafi kamar ruwa, sai kuma ba zato ta zana miki fuska tana narkewa har ƙashi ya bayyana. Labarinta ya fi duhu. Akwai wurin da Usagi ta ɗauki takobi da kanta a kan masoyinta Mamoru, wato Tuxedo Mask. Mamoru ɗin ma a littafin ɗan sakandare ne mai hankali, mai nasa ƙarfin, soyayyarsu na da ma'ana. Anime ya mai da shi ɗan jami'a, ita kuwa shekararta 14, abin da har yau bai kwanta min ba. Rei ta littafi nutsattsiya ce wadda ba ta kula maza, ta anime kuwa 'yar tsokana ce mai bin samari. Kusan mutum biyu ne daban, kuma a nan masu karatu suka fi jin haushi. 

A taƙaice dai, littafin labarin Usagi ne da ƙaddararta, sauran 'yan rakiya ne. Anime kuwa labarin ƙawaye biyar ne. Mu da muka saba da gardamar littafin soyayya da fim ɗin da aka yi da shi, abin ba baƙo ba ne, sai dai a nan fim ɗin ne ya fi littafin tsawo.

Wata za ta ce miki ki kalli Crystal kawai, wato sabon anime ɗin da aka fara a 2014, tunda shi yana bin littafin babi da babi. Na kalla. Kotono Mitsuishi, wadda ta yi muryar Usagi tun 1992, ita ce ta dawo, kuma hakan ya yi daɗi. Amma zangon farko ya sha suka a kan zane, musamman wurin rikiɗa da aka yi da kwamfuta, yaran sun fito kamar 'yan tsana na roba. Zango na uku a 2016 ya gyaru sosai, aka ƙarasa labarin da finafinan Eternal a 2021 da Cosmos a 2023. Matsalarsa, ya ɗauki gudun littafin ba tare da kyawun zanensa ba.

Tunda kin ce da ƙanwarki za ku kalla, ki fara dubawa ke kaɗai. Kayan da suke sawa gajeru ne, akwai maganar sake haihuwa bayan mutuwa, kuma a zango na uku akwai Haruka da Michiru, mata biyu da ke soyayya, waɗanda tsohuwar fassarar Amurka ta mai da su 'yan uwan juna. Ke kika san gidanku. Ki kuma guji waccan tsohuwar fassarar da aka fara a 1995, an yanke abubuwa, an canza sunaye, Usagi ta koma Serena. Ki nemi na Japananci mai rubutu a ƙasa.

Shawarata: ki kalli kashi 46 na zangon farko, sannan ki ɗauki littafin daga babi na ɗaya. In gajiya ta kama ki bayan nan, ki tsallaka zuwa zango na uku na tsohon anime ɗin, wanda Kunihiko Ikuhara ya ba da umarni, don shi ne gwanin cikinsu. Littafin daga dama zuwa hagu ake karanta shi, kuma duk wadda ta yi Islamiyya ba za ta wuce shafi biyu ba hannunta ya faɗa.