Ɗan siyasar da ya ce imaninsa daban, doka daban

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Mun yi gardama a majalisa bayan Isha'i kan tsohon shugaban Amurka Joe Biden. Wani ya ce ɗan Katolika ne, cocinsu ta haramta zubar da ciki, amma shi ya goyi bayan a ƙyale mata. Ba munafunci ba ne? Kuma ɗan siyasarmu zai iya faɗar haka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Abokinka bai yi ƙarya ba. A muhawararsa da Paul Ryan, abokin hamayyarsa a takarar mataimakin shugaban ƙasa, a 2012, Biden ya ce ya yarda da koyarwar cocinsa cewa rai yana farawa tun shigar ciki, amma ba zai ɗora wa Musulmi da Yahudawa da sauran Kiristoci wannan da ƙarfin doka ba. Tun 1791 tsarin mulkinsu ya hana majalisar dokokinsu kafa addinin ƙasa. Wasu malaman cocin ba su gamsu ba, har wani limamin coci a jihar South Carolina ya hana shi cin jibin Ubangiji, wato gurasar ibada da ake ba masu bi a coci, a 2019. A 2022 kuma Kotun Ƙolinsu ta soke hukuncin 1973 da ya halasta zubar da ciki, ta mayar wa jihohi da maganar.

Ba zan kira shi munafuki ba, domin munafuki ɓoyewa yake yi, shi kuwa a bainar jama'a ya faɗa. Sai dai hujjar ba ta kwanta mini ba. In ka yarda rai ne, ta yaya za ka naɗe hannu?

A nan gida, sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, amma Kano da Jigawa sun ƙaddamar da Shari'a a 2000. Dokar laifuka ta Arewa, wato Penal Code, ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 14 kan zubar da ciki, sai in don ceton ran uwa aka yi, kuma mazhabarmu ta Malikiyya ta fi sauran tsanantawa. Ɗan takarar da ya yi maganar Biden a kasuwar Ringim ya gama siyasa.

Wancan “sai in don ceton ran uwa” shi nake so ku tattauna, Malam. Lokacin da nake aikin ungozoma, an taɓa kawo mana wata da tsakar dare a amalanke, cikin wata huɗu, zaninta sharkaf da jini. Likita ya ce sai an cire. Wan mijinta ya ƙi sa hannu, wai haramun ne. Limamin ƙauyensu da ya rako su ne ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Alhaji, sa hannu, ita ma rai ce.” Ya sa. Sai aka nemi jini, babu ko leda ɗaya a asibitin. Ɗan acaɓan da ya haska musu hanya ne ya miƙa hannunsa aka ɗiba, ta tashi.

In masu neman ƙuri'a sun zo majalisarku, ku tambaye su ledar jini nawa ce a asibitin da ya fi kusa da ku.